Naziha Ta Ce Da Sauƙi

Ni Hansai ba na ɓoye ciwo, kuma ban taɓa ganin amfanin ɓoye shi ba. Ranar da aka yi min aiki aka ciro autana, da allurar baya ta sake ni, sai da masu shara a bakin ƙofar asibiti suka san an yanka mutum. Na yi ihu, na kira Innarmu da ta daɗe a kabari, aka zo aka yi min allura, na yi barcina. To irin wannan matar aka ɗauko daga Jambutu aka ce ta zo ta yi jinyar ƙanwarta Naziha, wadda aka yi wa irin wannan aikin a wani asibiti a Jimeta. Haihuwar fari ce, kuma ɗan da aka daɗe ana roƙon Allah ya kawo.

Aiki ya yi kyau, an samu namiji. Washegari da safe na shigo ɗakin masu jego da fulas ɗin ruwan zafi da kunu, na tarar da Naziha kwance sambal, ta kafa wa silin ido. Lokacin zafi ne, zafin Yola da kowa ya sani, amma gumin da ke goshinta ba na zafin gari ba ne. A kujerar roba da ke jikin gadon kuwa ga surukarta zaune da carbi, Dada Ruƙayyatu, uwar mijinta Hamajoɗa. Tun da aka shiga da yarinyar tiyata ta taso daga cikin Yola a keke mai ƙafa uku, kuma tun daga lokacin ba ta matsa daga wurin ba.

Kada wani ya gyara zama yana jiran labarin muguwar suruka. Dada mutuniyar kirki ce. Ita ke yi wa Naziha fifita da murfin kwali idan wuta ta ɗauke, ita ke kore mata ƙuda, ita ke jiƙa ƙyalle tana goge mata wuya. Da muguwa ce ai da abin ya zo min da sauƙi, da tuni na san yadda na yi da ita.

Matsalar ta samo asali tun ranar ɗaurin aure. Goggonnin ango, Fulanin Yola, sun yi ta tsokanar amarya cewa 'yan matan Hausawan Jimeta raki gare su, ko ƙaya ce ta soke su sai unguwa ta ji. Wasa ne, mu ma mun rama da namu, kowa ya yi dariya ya tafi gida. Kowa ya manta ban da Naziha. Daga ranar ta ɗaura ɗamarar sai ta fi Fulani fulatanci. Ba ta cin abinci a gaban Dada, ba ta ɗaga murya, ba ta cewa ta gaji. Munyal suke kiran abin, wato haƙuri da cinye ciwo a ciki, ita kuma ta ɗauke shi ta ɗora a kai har da ƙari.

Nas ɗin da ke aikin safe, Sista Hilda, 'yar Ganye ce, doguwa mai saurin tafiya, Hausarta irin ta gari, mace da namiji duk ɗaya. Ta zo ta duba ledar ruwan da ake ƙara wa Naziha, ta taɓa goshinta.

"Maman bebi, yaya jiki? Wurin ɗinki yana zafi?"

Naziha ta saci kallon Dada, ta ce, "Da sauƙi."

Na ce, "Wane irin sauƙi? Sista, dubi leɓenta. Ƙarya take."

Sista Hilda ta ce ta gani. Ta tsaya ta yi mana bayani tiryan-tiryan. Ta ce farasitamol tana cikin ruwan da ake ƙara mata, amma ita kaɗai ba ta cika isar wanda aka yanka jiya ba. Akwai wani magani da ake matsawa ta ƙasa, yana daɗewa yana aiki. Akwai kuma allura mai ƙarfi da likita ya rubuta a yi mata idan ciwon ya tsananta, takan sa jiri da barci kaɗan. Daga baya, idan ta fara cin abinci, a koma ƙwaya. Ta ce likita ya zaɓo su ne da sanin za ta ba da nono.

"Wanne kina so?"

Da Naziha ta ji zancen matsawa ta ƙasa, ga Dada a zaune, ga labulen gadon bai kai ko'ina ba, sai ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Ta ce, "Ba na buƙata. Na gode."

Na bi Sista har bakin ƙofa na ce ta yi mata allurar kawai, ni na yarda, ni ce yayarta.

Ta ce, "Adda, ba jikinki ba ne. Mutum da hankalinsa ya ce ba ya so, ni ba zan danne shi ba. Shi ya buɗe baki ya ce, yanzu-yanzu zan kawo."

Ba ta yi ƙarya ba, shi ya sa abin ya ƙara ba ni haushi.

Da a ce ciwon a jikinta kaɗai ya tsaya, da sai in ce ta je ta ƙarata. Amma ga jariri a ƙaramin gado yana tsala kuka. Naziha ba ta iya juyawa, ba ta iya zama, ko tari ba ta iya yi. In na ɗora mata shi sai jikinta ya sandare, ta danne numfashi, yaro ya yi ta lalube bai kama ba. Ga kuma kunyar ɗan fari, ba za ta buɗe ƙirji sosai a gaban surukarta ba, sai dai a tura shi ƙarƙashin mayafi cikin wannan zafin. Da hantsi Sista Hilda ta dawo ta buɗe ƙunzugunsa, ta tarar a bushe. Ta duba bakinsa, ta girgiza kai.

"Wannan yaro bai sha komai ba. In la'asar ya yi bai kama nono ba, zan kira likitan yara. Za a ɗauke shi a kai ɗakin jarirai, can ƙarshen gini, a ba shi ta wata hanya. Ke kuma da ba ki iya tashi, ba za ki gan shi ba."

Na ga idon Naziha ya cika, ya kuma ƙafe a wurin. Ko ɗigo ba ta bari ya sauko ba.

A gadon da ke kusa akwai wata Virtue, malamar firamare daga Bekaji, rana ɗaya aka yi musu aiki. Ita ta karɓi komai, na matsawa da allura, ba ta bar ko ɗaya ba. Ga ta nan tana takawa a hankali tsakanin gadaje, tana tura ƙarfen ledar ruwanta, 'yarta ta sha ta ƙoshi tana barci. Ta tsaya a kan Naziha ta ce, "'Yar'uwa, ki karɓa mana. Ba a ba da kyauta a kan shan wahala fa." Naziha ta yi mata murmushi, irin murmushin da ya sa na ji kamar in ɗauke ta da mari.

Sai na ce bari in yi dabara. In dai Dada ta fita, yarinyar za ta yi magana.

Na ce, "Dada, ki zo mu je waje ki karya, akwai mai shayi a bakin ƙofa, iska ma ta fi a can."

Ta ce azumi take, na godiya ga Allah da ya sauki yarinyar lafiya.

Na ce to ta je gida ta watsa ruwa ta huta, ni ina nan. Ta ce ta yi wanka a bayan ɗakin asibiti tun da sassafe. Na ce ƙafafunta sun kumbura da zama. Ta dube su ta ce haka suke tun bara.

Da aka kira azahar na ce alhamdulillahi, yanzu kam dole. Na nuna mata inda mata ke salla, can bayan ɗakin magani. Tsohuwar nan ta ɗauko dardumarta ta shimfiɗa a ɗan tsakanin gadon Naziha da bango, ta ta da kabbara. Kai, na ga ikon Allah! Tana cikin ruku'u na sunkuya a kunnen Naziha.

"Ki ce a kawo allurar. Yanzu, tana salla."

Ta motsa leɓe da ƙyar. "Adda, tana ji."

"Ta ji mana! Yanka ki aka yi, ba kitso ba."

"Ki bari. Zai wuce."

"Ɗanki fa?"

Ta rufe ido ta ƙyale ni.

Na fita na kira Hamajoɗa a waya. Ashe yana nan bakin ƙofar asibiti tun safe, zaune a benci tare da masu keke, shi ma kunya ta hana shi shigowa ya ga matarsa da ɗansa a gaban uwarsa. Na je na same shi. Na ce ya shiga ya ce wa Dada ana nemanta a gida, ko akuya ta ɓace, ko me ma, ya ƙirƙiro wani abu.

Ya sosa ƙeya. "Adda, ni in ce wa Dada ta tashi? Ki rufa min asiri."

"Matarka tana can tana cin leɓenta, ɗanka ya bushe."

"Ai ta ce min da sauƙi a waya."

Na dube shi sama da ƙasa. Ƙato da shi, direban babbar mota, yana kai kaya har Mubi ya dawo, amma ya kasa taka baranda ɗaya. Na ce Allah ya shirye ku gaba ɗaya, na juya na bar shi a nan.

Sista Hilda ce ta ƙara gwada min wata dabara. Ta shigo tana tafa hannu, ta ce duk masu jinya a fita za a duba ɗinki. Kowa ya tashi. Dada ma ta tashi, na ce yauwa. Amma ba ta bi sauran mata zuwa inuwa ba. Ta tsaya a bakin ƙofar ɗakin daidai, ta ba da baya, wai ko za a buƙaci ruwa. Ƙofar ba ta rufuwa sosai, gefen zanenta shuɗi yana leƙowa. Ni na maƙale a ciki na ce ni ce mai riƙe jariri. Sista ta sunkuya ta tambayi Naziha a hankali. Naziha ta kalli wannan gefen zanen.

"Da sauƙi, Sista."

Sista Hilda ta miƙe ta dube ni, ta buɗe hannuwa biyu, ta wuce gado na gaba.

Rana ta fara karkata. Wuta ta ɗauke, fanka ta tsaya, ɗakin ya zama kamar murhu. Dada ta koma kujerarta tana fifita. Kukan yaron da ya cika mana kunne tun safe ya canja, ya koma wani siririn abu mai shaƙewa, ya yi ya tsaya, ya yi ya tsaya. Na haifi biyar, na san wannan kukan, kuma ba na son sa. Na ɗauke shi na sake kai mata. Da na ɗaga mayafin don in gyara shi, sai na ga hannunta. Ta damƙe ƙarfen gadon har farce biyu sun karye, jini ya bushe a kansu.

A nan ne kaina ya ɗauke.

"Dada, don girman Allah ki tashi ki fita! Ke ce ciwon yarinyar nan! Tun safe take mutuwa a kwance ta kasa cewa wayyo saboda ke! Ke kuma Naziha, wa kike burgewa? Kambu za a ba ki? Za a ɗauke miki ɗa saboda zancen da tsofaffi suka yi a gidan biki, su ma sun manta sun faɗa!"

Virtue ta tsaya da kofi a hannu. Wata mai jinya da ke bare lemo ta ajiye wuƙa. Dada ba ta ɗago ba, fifitar ce kawai ta tsaya.

Sai ga hawayen da ciwo ya kasa fitarwa tun jiya suna zubo wa Naziha har cikin kunne. Ta juyo da kai ta dube ni, irin kallon da ba ta taɓa yi min ba tun tana goye a bayana.

"Adda, ki fita."

"Ni?"

"Ki fita, don Allah."

Na miƙa wa Virtue yaron, na ɗauki jakata, na fita. Na je gindin darbejiyar da ke bayan tagar ɗakin na zauna a kan wani bulo. Na ce wallahi keke zan hau in koma Jambutu, in buɗe shagona in sayar da atamfata, su kashe kansu da kunya in sun ga dama. Ban tafi ba. Ina zan je in bar yaron?

Ba a jima ba sai ga Dada ta zagayo, da dardumarta da butarta da ƙullin kayanta gaba ɗaya. Ta shimfiɗa dardumar kusa da ni, ta zauna da ƙyar, ta miƙe kumburarrun ƙafafun nan. Na ɗaure fuska ina jiran faɗa. Ba ta yi ba. Ta daɗe tana jan carbi, sannan ta yi magana da Hausarta mai nauyin Fulatanci, ba tare da ta dube ni ba.

"Na gani tun da gari ya waye. Yatsun ƙafarta nake kallo."

Na juyo. "Kin gani? Kin gani kika zauna?"

"Na gani."

"To me ya hana ki tashi, Dada? Sau nawa na buɗe miki hanya?"

"In na tashi haka kawai, za ta san na gani."

Wato tun safe yarinya tana cinye ciwo don kada tsohuwa ta gani, tsohuwa kuma tana zaune daram don kada yarinya ta san an gani. Ni ce sakarar da ke zirga-zirga a tsakaninsu da zancen shayi da akuya. Na ce, "Inna lillahi! Ku dai mutanen nan sai Allah." Ta ce, "Haka ne," kamar yabonta na yi.

Muna zaune sai muryar ta fito ta taga. Da farko ban gane ta ba, don rabona da jin Naziha ta ɗaga murya tun tana budurwa.

"Wayyo Allah! Sista! Sista, ki taimake ni, cikina! Wayyo Innata!"

Na yunƙura zan miƙe, Dada ta dafa gwiwata ta mayar da ni. Sai ta ɗaga murya, ita da ba a jin maganarta sai an matso.

"Hansai, babban ɗanki yana aji nawa yanzu?"

"Dada, ba ki ji..."

"Aji nawa?"

Na ce ya gama sakandare. Ta ce madalla, mai bi masa fa? Na faɗa. Ta tambayi ta ukun, ta tambayi ko har yanzu tana fama da kunne. Ta tambayi maigidana, ta tambayi kasuwa, ta tambayi ko ruwa yana shigar mana gida da damina a Jambutu. A bayanmu Naziha tana kuka kamar ƙaramar yarinya, muna jin takun Sista Hilda da ƙarar faranti, Dada kuwa sai jero tambaya take da ƙarfi, idonta a kan tushen bishiya. Hannunta bai bar gwiwata ba. Haka na yi ta ba ta amsa ina share ido da bakin gyale, har kukan ya ragu, ya koma shessheka, ya ɗauke.

An kira la'asar, mun yi salla a nan gindin bishiya, sannan Sista Hilda ta leƙo ta taga.

"Maman bebi ya karɓi allura, ya karɓi ɗayan ma. Mun jingina shi da filo. Yaro ya kama, yana ja kamar zai cire."

Na ce alhamdulillahi har sau ban san adadi ba. Dada ta shafa fuska, ta ce min in shiga, ita za ta ɗan sha iska tukuna.

Na shiga da saurina. Ga Naziha a jingine, fuskarta ta saki, idonta ya yi nauyi da barci, yaro a ƙirjinta a fili babu mayafi, kumatunsa suna motsi. Virtue tana tallafe mata da hannu. Na matso ina murmushi, na ce, "To kin gani? Da tun safe..."

Ta juyar da kai wajen bango.

Har aka sallame ta ba ta yi min magana ba sai ta dole, miƙo wancan, ajiye wannan. Ni na wanke kayan jini, ni na riƙe ta zuwa bayan gida, ni nake tuna mata lokacin ƙwaya. Dada kuwa ta koyi fita shan iska duk lokacin da ta hango Sista da faranti, kuma babu wanda ya taɓa ta da zancen a tsakaninsu.

Ranar suna a gidan su Hamajoɗa a Yola, tsakar gida cike da mata, goggonnin nan na ranar biki suka kewaye mai jego. Ɗaya ta ce, to 'yar Jimeta, yaya aka ƙare da wuƙar likita, an tara mana jama'a da ihu ko? Ina tsugune a gefe ina zuba waina a kwano, na ɗago ina jira.

Dada ce ta amsa, a hankali, tana jijjiga jikanta.

"Ina wurin tun daga farko har ƙarshe. Ko tari ban ji ta yi ba."

Aka ɗau guɗa. Naziha ta sunkuyar da kai tana murmushi. Sai wata ta ce ai ita ta ji labarin an yi hayaniya a ɗakin, har mutane suka taru. Naziha ta ɗago, ta nuna ni da baki.

"Adda Hansai ce. Kun san ta da raki."